Shirun Baba Dodo

Ina tsakiyar kafa hannun wata riga a keken ɗinki waƙar ta yanke. Na ɗauke ƙafa, na kasa kunne. Ta bayan katangarmu, inda rijiyar masallacin unguwa take, ba abin da ke tashi sai ƙus-ƙus ɗin maza da 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin ta mutanen da suka san abin dariya na tafe. Muryar Baba Dodo kuwa, wadda tun ɗazu take fitowa daga ƙasan rijiyar, babu ita.

"Ku yi kurum, ku yi kurum," na ji Zayyad mai cajin waya yana faɗi. "Yanzu za shi yi ta. Kowa shi riƙe wayatai da kyau."

Na ja tsaki, na mayar da ƙafata kan keke. Na ce a raina, tsoho da jikoki ya mayar da kansa abin kallo, shi ya jiyo. Na ci gaba da ɗinkina. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya ɗauka wanke kaina na zo yi.

Baba Dodo maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu ta gabas. Shekara goma sha bakwai ke nan da aka kawo ni Gummi daga Bukkuyum, kuma tun ran da na zo na san shi da sana'a ɗaya, yasar rijiya. In bazara ta yi, ruwa ya ja baya, guga ya fara ɗebo taɓo, shi ake nema. Ɗan siriri ne, gajere, ƙugunsa duk kantar igiya. Lokacin da mutanen garin nan suka yi ta kwarara ramukan zinariya wajen Anka, har gida aka zo ana lallashinsa, don an san ba wanda ya kai shi sanin halin ƙasa. Ya ce shi ramin da ba a shan abin da ke cikinsa bai ga dalilin shigarsa ba.

Dokokin aikinsa biyu ne, kuma duk unguwa an haddace su. Ta farko, kafin ya sauka sai an zura fitilar ƙwai a kunne har ƙasa. In ta mutu, iskar ciki ba ta da kyau, sai a ɗaura ganyen dogon yaro a igiya a yi ta sama da ƙasa da shi har iska ta sauya, ko kuma a bari sai gobe. Ta biyu, daga lokacin da ƙafarsa ta bar bakin rijiya har ya dawo, bakinsa ba ya rufuwa. Waƙa yake yi, wadda ba ta da kai ba ta da gindi:

"Ruwa na ƙasa, Dodo na ƙasa,
Mai igiya, ban da gyangyaɗi."

Haka zai yi ta juya ta, ya sa sunan mai rijiya, ya sa sunan matarsa Inna Saude, ya zagi kwaɗi. Ba don daɗi yake yi ba, muryar ma ba wani daɗi gare ta ba. Waƙar ita ce shaidar yana numfashi. Igiya na ɗaure a ƙugunsa, ta bi ta kan itacen da aka gitta a kan gwafa biyu, ɗaya bakin yana hannun Auwalu, abokin aikinsa na shekara ashirin, wani ƙaton mutum marar yawan magana. In waƙa ta tsaya, Auwalu ba ya leƙawa, ba ya kira, ja kawai yake yi. An taɓa yi, Baba Dodo ya tsinci ɗan kunnen wata mata a cikin taɓo ya tsaya dubawa, kafin ya ankara yana sama da goshi a kumbure. Bai yi faɗa ba. Goro ya saya wa Auwalu, ya ce gara a jawo shi a banza sau ɗari.

To wannan mutumin ne Zayyad ya lalata, ko in ce suka lalata juna, don ba a sa wa kowa wuƙa a wuya ba.

Zayyad ya ba talatin baya, yana da shagon caji a bakin titi, yana kuma da shafi a Fesbuk inda yake zuba duk abin da idonsa ya gani. Tirela ta faɗi, Zayyad na can. Akuya ta haifi huɗu, Zayyad na can. 'Yan kabu-kabu sun kaure da dambe, ba zai raba ba, sai dai ya ja da baya don su fito gaba ɗaya a hoto. A bazarar 2017 ya ɗauki Baba Dodo yana waƙa a cikin wata rijiya ya ɗora. Ina zauren gidan Baba Dodo, na je mayar wa Inna Saude rariyarta, Zayyad ya zo nuna masa.

"Baba, ka san mutum nawa sunka kalle ka? Dubu ukku."

"Dubu ukku? Ina sunka taru?"

"Cikin wayag ga. Har da na Saudiya."

Baba Dodo ya goge hannuwansa a riga, ya karɓi wayar da hannu biyu. Shekara arba'in yana shiga rami yana fita, ba wanda ya taɓa ce masa komai sai sannu da aiki, wani ma ko sannun babu. Ya kalli kansa sau uku a jere. Na ga fuskarsa a ranar, kuma gaskiya ban ga laifinsa ba.

Laifin a bidiyo na biyu ya zo. Zayyad ya ce waƙa kaɗai ta daina jan mutane, sai an haɗa da abin da zai faɗar da gaba. Suka ƙulla ba da sanin Auwalu ba, Baba zai yi shiru a ƙasa da gangan. Ya kuwa yi. Auwalu ya zabura, hula ta faɗi, wando ya zame, yana ja yana salati idanu waje, sai ga Baba Dodo ya ɓullo yana ƙyaƙyata dariya da ƙaton kwaɗo a tafin hannu. Mutum dubu sittin suka kalli wannan. Har ƙanwata Maimunatu da ke aure a Anka sai da ta kira ni tana tambaya wai da gaske maƙwabcinmu ne.

Ba Baba Dodo kaɗai ya yi suna ba, fuskar Auwalu ma ta yi. Aka yanko ta, baki buɗe, ana liƙa wa duk wanda ake so a kira matsoraci. In ya ratsa tasha, 'yan kabu-kabu su dinga "Ja, Auwalu, ja." Mutumin da bai yi komai ba sai aikinsa, shi ya zama wawan gari, wanda ya yi wasa da ransa kuma ya zama gwani. In wannan ba abin haushi ba ne, ban san abin haushi ba.

Daga nan Baba Dodo ya sauya. Shi da ko ƙaramar waya ba shi da ita, kullum da safe sai ya bi ta shagon Zayyad ya tambaya, "Yau nawa?" Zayyad ya ba shi wani baƙin tabarau, ya maƙale shi kamar da shi aka haife shi. Inna Saude takan leƙo ta katanga ta kai mini ƙara.

"Hamida, mi za ni yi da tsohon ga? Jiya da tabarau yac ci tuwo."

Ni da bakina ba ya ajiye magana, na tare shi wata rana a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Baba, wasan ga da kaka yi, ran da abin yaz zo da gaske, wa za shi gane?"

Ya zare tabarau ya dube ni yana dariya. "Ke ɗiyag ga kin cika tsoro. Ai Auwalu na nan. Ko ƙarya ko gaskiya, shi ja shikai."

Kuma gaskiyarsa. Sau biyar aka maimaita wasan nan, sau biyar Auwalu yana ja, duk da ya san wasa ne, duk da ya san dariya za a yi masa. Zayyad har ƙorafi yake yi, wai yana saurin ja, yana ɓata musu hoto, ya riƙa bari a ɗan jima. Auwalu ya ce masa, "Ni igiya anka ba ni, ba hoto ba."

Abin da ban sani ba a wannan Asabar ɗin ta bazarar 2018, ina zaune a kan keke, shi ne Auwalu ba ya wurin. Daga baya na ji yadda aka yi. Masu kula da masallaci sun ɗauko injin jan ruwa mai fetur don a tsotse sauran ruwan kafin a yashe. Tiyon ya gaza, sai aka ɗaure injin da igiya aka zura shi har tsakiyar rijiya, ya yi ta aiki yana hayaƙi tun bayan asuba har hantsi. Da aka zo kunna fitilar ƙwai, babu kananzir. Wa ke ajiye kananzir yanzu, kowa ya koma tocilan? Auwalu ya hau babur ya nufi bakin kasuwa, ya ce, "Kak ka sauka sai na komo."

Amma Zayyad ya riga ya fara nuna abin kai tsaye. Mutum ɗari huɗu na jira, in ji shi, kuma sun fara raguwa. Ya ciro wayarsa ta biyu, ya kunna fitilarta, ya ɗaure da zare ya zura. "Ga haske nan har ƙasa, Baba. Wagga ta hi ta ƙwai nesa." Baba Dodo ya san ba don haske ake zura fitila ba. Ya fi kowa sanin cewa fitilar waya ba ruwanta da iska, ko a cikin buhu aka ɗaure ta ci za ta yi. Amma ana tafi, ana kiran sunansa. Ya gyara tabarau, ya miƙa wa Mu'azu mai shayi igiya, aka zura shi. Da ya taɓa ƙasa ya fara waƙa, Mu'azu ya ɗaure igiyar a gwafa don hannunsa ya samu sararin ciro tasa wayar.

Ni dai na gama hannun riga ɗaya, na yanke zare, na juyo ɗayan. Shirun wasa bai taɓa wuce a karanta Fatiha biyu ba, daga nan sai ka ji igiya na gurzar itace. Wannan ƙarar ce ban ji ba. Na jawo turmi na taka, na leƙa ta kan katanga, na ga igiya ɗaure a gwafa ba kowa a kanta.

"Ina Auwalu?" na ce.

"Ya tai sayen kananzir," in ji wani, bai ko ɗago ba.

"To ku ja shi mana."

Aka kwashe da dariya. "An samu guda," in ji Zayyad. "Hamida ta tsorata." Wayoyi huɗu ko biyar suka juyo kaina, ni kuwa kaina ko ɗankwalin kirki babu. Na yi maza na duƙe. Eh, na duƙe. Mutum na ƙasan rijiya, ni ina tsoron kada a ga gashina a Sakkwato. Maigidana ya tafi cin kasuwa, ba namijin da zan tura. Na shiga neman hijabi, ya ɓuya a ƙarƙashin tulin ɗinkin mutane, na watsar da komai a ƙasa kafin na same shi. Na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo, lokacin da na ɓata ni ma a cikin lissafin yake.

Da na zagayo, na tarar da maza sun fi talatin, har da masu furfura, sun kewaye rijiyar kafaɗa da kafaɗa, kowa ya karkata wayarsa cikin rami. Dariyar ta riga ta mutu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kowa a wurin ya san shirun nan ya wuce na wasa. Sai satar kallon juna ake yi. Wani dattijo ya sunkuya ya ce, "Dodo? Malam Dodo?" Ba amsa. Na kusa da shi ya ce, "Halan dai wasan nai na." Wani ya ce, "Ai haka shikai." Ba wanda ya yarda da abin da ya faɗa, kuma ba wanda ya motsa. Kowa na tsoron ya kama igiyar nan, tsohon ya ɓullo da kwaɗo, gobe a yanko fuskarsa a liƙa. Ba wanda yake so ya zama sabon Auwalu.

Zayyad na tsaye a kan dakalin rijiyar yana karanta abin da masu kallo ke rubutowa. "Dubu da ɗari biyu yanzu. Wani daga Kano ya ce a hiddo shi. Wata ta ce Allah shi kiyaye." Muryarsa na rawa, amma hannun da ke riƙe da wayar ko gezau.

Na kutsa tsakaninsu, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni garin nan. Na kama igiyar na ja. Nauyin da na ji ba na mai wasa ba ne, kamar an ɗaura buhun gero. Ta ɗan taso, ta koma, ta ɗebe mini fatar hannu. Na waiwaya, sai na ga an buɗa mini fili, an ja da baya, wayoyin duk sun dawo kaina. Wai ni ce sabon abin kallo.

Ban san lokacin da na fara kiran suna ba. "Mu'azu ɗan Safiya, kai anka ba igiyag ga. Aje wayag ga ka kama, ko wallahi in tai har gida in hwaɗa ma Innakka abin da kay yi." Ya dube ni kamar wanda aka tasa daga barci, ya cusa wayar a aljihu ya kama. Na kira na biyu da sunansa da na ubansa, shi ma ya kama. Ashe abin da ake jira ke nan, a nuna mutum da yatsa. Muna cikin ja babur ɗin Auwalu ya tsaya. Bai tambayi kowa komai ba. Ya saki kwalbar kananzir ta fashe a ƙasa, ya ture mu, ya naɗe igiyar a hannu. Ja shida ya yi, kan Baba Dodo ya bayyana, ya langaɓe a kafaɗa, tabarau na reto a kunne ɗaya.

Aka shimfiɗe shi a ƙasa, taɓo har ƙirji. Sista Gladys, ma'aikaciyar asibiti da ke haya a layin bayanmu, ta iso da zani ɗaure a kan rigar barci, don daga aikin kwana ta sauko ihu ya tashe ta. Ta durƙusa ta sa kunne a bakinsa, ta fara danna ƙirjinsa da hannu biyu tana ƙirgawa.

"Ku matsa, ku ba shi iska," take cewa. "Don Allah ku matsa."

Suka matsa taku ɗaya, suka dawo taku biyu, don daga baya ba a gani sosai. Sai da Auwalu ya ɗauki itacen gwafa ya juya shi sau ɗaya sannan fili ya samu. Gladys ta yi ta dannawa har gumi na ɗiga daga haɓarta. Can ta ɗago ta ce, "Minti nawa ya yi a ciki bayan ya yi shiru?"

Wani ya ce biyu, wani ya ce ai bai kai ba. Zayyad ya shafa fuskar wayarsa da yatsa, ya ja baya, ya ja gaba, ya ce a hankali, "Sha ɗaya da rabi."

Gladys ta dube shi, ta dubi sauran. Wannan ne kaɗai amfanin da wayoyi talatin suka yi a ranar, sun ba mu lissafi daidai. Duk da haka aka ɗora shi a babur, Auwalu na tuƙi Mu'azu na tallafe da shi ta baya, aka kai asibiti. Ba su jima ba suka dawo da shi a lulluɓe.

Inna Saude ba ta gari. Ta tafi Adabka wajen 'yarsu Husaina da ta haihu, kwana huɗu ke nan. Aka yi ta kira layi ba ya shiga, sai da aka samu wani mai shago a can ya kai saƙo. Ga hanya ba kyau, ga zafi, gawa ba ta jira. Bayan la'asar aka kai shi. Ita kuwa sai wajen magariba babur ya sauke ta, ƙafafu duk jar ƙasa, ta tarar da tabarmi a ƙofar gida.

Kafin ta iso duniya ta riga ta gani. Maimunatu ta kira ni daga Anka tana kuka tana cewa ta gan ni ina jan igiya, wai mutane na ta sa mini albarka. Na ce su riƙe albarkarsu. Zayyad ya sa hoton Baba Dodo da tabarau, ya rubuta wai ya yi rashin uba, ɗaruruwan mutane suna ba shi haƙuri. Shi ake yi wa ta'aziyya. Bai cire bidiyon ba, wai don ya zama izina. A kwana uku mutum dubu ɗari biyu suka ɗauki izina.

Ran sadakar uku Zayyad ya zo, ya zauna a tabarmar maza da farar riga, kai a sunkuye, ina hango shi ta zaure. Na miƙe zan fita, maigidana ya tare ni a ƙofa.

"Ki bari, Hamida. Kwana ya ƙare. Ko ba waya, ranatai ta."

"Na yarda kwana ya ƙare," na ce. "Amma ba a ce muna in kwana za shi ƙarewa mu ɗaure igiya ga gwahwa mu tsaya kallo ba."

"To mi za ki ce mai wanda bai sani ba?"

Na koma ciki. Haushin da nake ji ya rasa inda zai sauka. In na ɗora wa Zayyad, sai in tuna mutum talatin. In na ɗora musu, sai in tuna tsohon da ya san komai ya gyara tabarau ya sauka. In na ɗora masa, sai in tuna turmi da hijabi. Auwalu kaɗai ne ba shi da laifi, shi ne kuma kaɗai ya kasa cin abinci. Ya kai igiyar da fitilar gidan Inna Saude ya ajiye a zaure, ya ce ya bar sana'ar.

Bayan kwana tara, da azahar, baƙi sun ɗauke ƙafa, Husaina ta kwanta da jaririnta, na ji Inna Saude na kirana ta katanga. Na zagaya. Tana zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki da mayafin takaba, carbi a gefe.

"Hamida, an ce shina cikin waya."

Na ce, "Inna, ki bar wannan."

"Kowa ya gane shi, har na Saudiya. Ni ɗai ta ban gani ba. Ban ga huskatai ba, ban ga an hita da shi ba." Ta gyara mayafi. "Kina da shi?"

Ina da shi. Mutum uku suka turo mini, ban buɗe ba, ban kuma goge ba. Na ce mata ba abin gani ba ne. Na ce ta bari sai ta gama takaba. Ta miƙo hannu kawai, ta bar shi a miƙe, har na ji kunya na zaro wayar daga cikin hijabi na kunna.

Idonta ba ya gani sosai. Ta kai wayar kusa da fuska, ta nisantar, ta ga ba ta gane komai sai inuwar mutane, sai ta kara ta a kunne kamar rediyo. Aka yi tafi, aka kira sunansa. Can muryarsa ta taso daga ƙasa, da 'yar shaƙewa a ciki wadda ban lura da ita ba a ranar. Ya zagi kwaɗi. Ya ambaci masu masallaci. Da ya zo kan sunanta, ya ce Saude ta tafi Adabka ta bar shi da tuwon jiya, sai ta yi murmushi, ta girgiza kai.

"Maƙaryaci," ta ce. "Hura na dama mai kahin in tahi."

Ya sake ɗaukar waƙar, ya kai rabi, ya yi tari sau biyu. Daga nan shiru. Aka ji Zayyad na cewa a yi kurum, aka ji 'yar dariyar nan ƙasa-ƙasa. Na miƙa hannu zan karɓe, ta kauce da kafaɗa. Murmushin ya bar fuskarta. Ta ƙara manna wayar a kunne, ɗaya hannun ya kama gefen mayafinta yana naɗewa a yatsu.

"To ku ja mana," ta ce, can ƙasa, ba da ni take ba.

A cikin wayar wani ya yi dariya. Kaza ta ratsa tsakar gida da 'ya'yanta, ta tsaya tana tonon gindin randa. Inna Saude na zaune da waya a kunne, mayafi naɗe a hannu, tana jira.